Daga Keta zuwa Kwatano: Me ya sa cikar teku ke cin gidaje da ƙwan kunkuru?

Da asubahin ranar Lahadi 7 ga watan Nuwamba 2021, ruwan teku ya tsallake gaɓa ya afka garuruwan masunta na jihar Volta da ke gabashin Ghana. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga ɗakuna a Keta da Anloga da ƙauyukan gundumar Ketu ta Kudu, daf da iyakar Togo. Hukumar agajin gaggawa ta Ghana, NADMO, ta ce kusan mutum 4,000 ne suka rasa matsuguni. Wasu sun yi asarar kwale-kwale da tarun kamun kifi, wato jarin da suke ci da iyalinsu da shi.

Wanda ya duba kalanda zai ga wani abu. Ranar 4 ga watan aka haifi sabon wata, ranar 5 kuma watan ya kai wuri mafi kusa da duniya a zagayensa. Haka abin ya sake kasancewa a farkon Maris 2025, a kwanakin da aka shiga azumin Ramadana, lokacin da ruwa ya rushe gidaje a Agavedzi da Salakope da Amutinu, har ya tone kaburbura, kuma shugaba John Mahama ya je da kansa ya duba ɓarnar.

Cikar teku tsohon abu ne, kuma ana iya lissafa ranarta da sa'arta shekaru da dama kafin ta zo. Abu biyu ne suka canza a wannan gaɓa da ta tashi daga Keta ta ratsa Lome zuwa Kwatano: teku ya ƙara tsawo, yashin da ke tare shi kuma ya ragu. Shi ya sa cikar da a da take zuwa ta koma ba tare da ta taɓa kowa ba, yau take shiga gidaje, take kuma kashe ƙwan da kunkurun teku ya binne a cikin yashi.

Yadda wata da rana ke jan ruwa

Wata na jan duniya da ƙarfinsa, kamar yadda duniya ke jan sa. Ruwan da ke ɓangaren da ya fuskanci wata shi ya fi jin wannan ja, sai ya taru ya yi tozo. A ɗaya ɓangaren, wanda ya ba wata baya, jan ya fi rauni, saboda haka ruwan can ma yakan yi nasa tozon. Yayin da duniya ke juyawa, kowace gaɓa na ratsa waɗannan tozaye biyu. Dalili ke nan da a mafi yawan gaɓoɓi, har da na Afirka ta Yamma, teku ke cika sau biyu ya janye sau biyu a kowace rana. Tsakanin wata cika da mai bi mata akwai kimanin sa'a 12 da minti 25, kuma kowace rana cikar na jinkiri da wajen minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkiri daga wannan dare zuwa na gaba.

Ita ma rana tana jan ruwa, amma saboda nisanta tasirinta bai kai rabin na wata ba. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, ƙarfin biyu sai ya haɗu, teku ya cika fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Wannan ita ce babbar cika. Tana zuwa sau biyu a wata: lokacin da aka haifi sabon wata, da lokacin da ya cika ya zama daren sha huɗu. Yawanci takan kai ƙololuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Duk wanda ke bin kwanan watan Musulunci zai iya sanin lokacinta: farkon wata da tsakiyarsa. A ranakun da wata ke rabi, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, cikar takan yi rauni.

Ba dukan manyan cika ne suke daidai ba. Hanyar da wata ke bi ba da'ira ce cikakkiya ba. Wani lokaci yana kusantowa zuwa wajen kilomita 360,000, wani lokaci yana nisanta zuwa sama da kilomita 400,000. Idan kusantowar ta faɗo daidai da sabon wata ko cikarsa, ruwa yakan ƙara hawa. Haka ma a watannin Maris da Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita tsawo, babbar cika ta fi ƙarfi a wurare da yawa. Akwai kuma wani dogon zagaye na shekara 18.6 a karkatar hanyar wata, wanda ke ƙara ƙarfin cika a wasu shekaru ya rage shi a wasu.

Idan waɗannan suka haɗu, sai a sami irin cikar da Faransawa suka yi wa laƙabi da cikar ƙarni ranar 21 ga Maris 2015, kwana ɗaya bayan husufin rana. Dubban mutane suka tafi Mont-Saint-Michel don kallonta, inda bambancin cika da janyewa ke kai wajen mita 14. A mashigin Fundy na Kanada bambancin yakan kai mita 16, wanda babu kamarsa a duniya.

Ƙaramar cika, babbar ɓarna

A Keta da Lome da Kwatano lamarin ya bambanta. Bambancin cika da janyewa a nan bai kai mita biyu ba ko a ranakun babbar cika. To, me ya sa ɓarnar ta yi yawa haka?

Dalili na farko shi ne yanayin ƙasar. Babu duwatsu ko tsaunuka a wannan gaɓa. Wani siririn tudun yashi ne kawai ya raba teku da jerin tafkunan da ke bayansa: tafkin Keta, wanda ya fi kowane girma a Ghana, da tafkin Togo, da Aheme da Nokoue a Benin. A wasu wurare faɗin tudun bai wuce mita ɗari-ɗari ƙalilan ba, tsawonsa kuma mitoci kaɗan ne sama da ruwa. A kan wannan tudu aka gina garuruwa da makarantu da maƙabartu da hanyar mota. Ƙarin taƙi biyu ko uku a tsawon ruwa ya isa ya sa igiya ta tsallake shi.

Dalili na biyu shi ne igiyoyin ruwa masu zuwa daga nesa. Guguwa a kudancin tekun Atlantika, dubban kilomita daga Afirka ta Yamma, na tayar da dogayen igiyoyi da ke tafiya kwanaki kafin su iso. Sun fi ƙarfi a watannin damina, amma suna iya zuwa a wasu lokutan. Ana iya wayar gari sama garau, babu iska babu hadari, amma igiyoyi na dukan gaɓa da ƙarfi. Idan sun iso lokacin da teku ya janye, sukan fashe nesa da gidaje. Idan sun iso daidai sa'ar babbar cika, sai su hau kan ruwan da ya riga ya ɗaga, su wuce inda aka saba ganin iyakarsu. Wannan haɗuwa ce jaridu kan kira ambaliyar teku. Ba ta da alaƙa da tsunami, wadda girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ke haddasawa.

Yashin da ya daina zuwa

Gaɓar yashi ba a tsaye take ba. Igiyoyi na isowa wannan yanki a karkace daga kudu maso yamma, saboda haka suna tura yashi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana. Masana na ƙiyasta yashin da ke wucewa ta nan da wajen mita kubik miliyan ɗaya a shekara, abin da ya sa ake lissafa wannan gaɓa cikin masu yawan tafiyar yashi a duniya. Muddin abin da ke shigowa daga yamma ya kai wanda ke fita ta gabas, gaɓa na nan yadda take. Babbar cika takan kwashe yashi ta kai shi cikin ruwa, ranakun kwanciyar teku kuma su dawo da shi.

Koguna ne ke kawo wani kaso na wannan yashi daga cikin ƙasa. A 1965 Ghana ta kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta, a 1987 kuma Togo da Benin suka gina ta Nangbeto a kan kogin Mono. Madatsun sun ba da wutar lantarki, amma sun tare yashi da laka a bayansu, sun kuma rage ambaliyar da ke wanko su zuwa teku.

Sai tashoshin jiragen ruwa. An buɗe ta Kwatano a 1965, ta Lome a 1968. Kowace na da doguwar katangar duwatsu da ta kutsa cikin teku don kare jirage, kuma katangar na tare yashin da ke tafiya. A yammacin tashar yashi ya taru, gaɓa ta ƙara faɗi. A gabas kuwa igiya na ci gaba da kwasa ba tare da an mayar mata ba. Shi ya sa unguwannin Akpakpa a gabashin Kwatano da ƙauyukan gabashin Lome suka fi kowa asarar gidaje. Hanyar da ta haɗa Lome da Aneho sau biyu teku yana cinye ta ana sake gina ta daga baya.

Ga kuma haƙar yashi don gine-gine. Shekaru da dama manyan motoci na lodin yashin gaɓa suna kai wa masu buga bulo a birane, har Benin ta haramta hakan a 2008, Togo ta bi sahu a 2011.

Wani rahoton Bankin Duniya na 2019 ya nuna cewa kashi 56 cikin ɗari na gaɓar ƙasashen Benin da Togo da Cote d'Ivoire da Senegal na zaizayewa, da matsakaicin mita 1.8 a shekara. Benin ce ta fi shan wahala, inda wuraren da abin ya shafa ke asarar wajen mita 4 a shekara. Rahoton ya ƙiyasta cewa zaizaya da ambaliya da gurɓatar muhalli a gaɓa sun ja wa ƙasashen huɗu asarar dala miliyar 3.8 a shekarar 2017, wato sama da miliyar 2,000 na kuɗin sefa, daidai da kashi 5.3 cikin ɗari na arzikin da suka samar a shekarar.

A Keta, gidan yarin bayi na Prinzenstein da turawan Denmark suka gina a 1784 ya tsaya kusan shekara 200 kafin teku ya rushe babban ɓangarensa a 1980. Ƙauyen Fuveme da ke kusa da bakin kogin Volta ya kusa ɓacewa baki ɗaya, mazaunansa sun koma wasu wurare.

Teku ya ƙara tsawo

A kan wannan ƙarancin yashi ne ɗumamar yanayi ta ɗora nata nauyin. Ruwa na kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar da ke kan tsaunuka da Girinlan da Antatika kuma na narkewa tana kwarara cikin teku. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, GIEC, ya ce tsawon teku ya ƙaru da wajen santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Saurin hawan ma na ƙaruwa: daga milimita 1.3 a shekara tsakanin 1901 da 1971, ya kai milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018.

Santimita 20 bai wuce taƙi ɗaya ba, amma kowace cika a yau daga kan wannan ƙarin take farawa. Matakin da a da sai babbar cika ta haɗu da manyan igiyoyi ake kai shi, yanzu cika mai matsakaicin ƙarfi na iya kai shi. GIEC ya yi hasashen cewa kafin shekarar 2100, irin hawan ruwan da a da ake gani sau ɗaya a shekara ɗari zai riƙa aukuwa aƙalla sau ɗaya a kowace shekara a fiye da rabin wuraren da ake auna tsawon teku a duniya.

Ƙwan da ke nutsewa a cikin yashi

Mutane na iya kwashe kayansu su koma gaba. Kunkurun teku kuwa ba shi da wani wurin haihuwa sai yashin gaɓa. Iri huɗu ake gani a ruwan Benin da Togo, biyu daga ciki ne suka fi hawowa yin ƙwai. Ɗaya ƙarami ne mai launin zaitun, nauyinsa wajen kilo 40. Ɗayan shi ne mafi girma a duniya, mai baya kamar fata maimakon ƙwarya, wanda ke iya wuce kilo 500. Lokacin ƙwai yakan fara daga ƙarshen damina ya kai wajen watan Maris, kuma Nuwamba na tsakiyarsa.

Da dare uwar ke fitowa daga ruwa. Takan ja jiki zuwa saman inda cika ke tsayawa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma teku. Ba ta dawowa duba su. Zafin yashi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kimanin wata biyu. A wannan tsawon lokaci babbar cika za ta zo sau uku ko huɗu, kuma dole ramin ya tsira daga kowace.

Ƙwan na numfashi ta ɓawonsa, yana shan iskar da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Idan igiya ta ɗan wuce ta kansa ruwan ya tsane da wuri, yawanci yakan rayu. Idan ruwa ya kwanta a ramin, iska ta yanke, ɗan da ke ciki ya shaƙe. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan ƙwan kunkuru na tsibirin Raine a Ostareliya ya gano cewa nutsewar sa'a ɗaya zuwa uku a ruwan gishiri na rage yawan waɗanda ke rayuwa da ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, amma nutsewar sa'a shida na rage shi da wajen kashi 30. Wani lokaci kuma igiya kan kwashe yashin gaba ɗaya, a wayi gari ƙwai warwatse a fili, karnuka da ƙaguwa da tsuntsaye na ci.

Zaizaya na ƙara wata matsalar. Bayan babbar cika, gaɓa kan yanke ta bar gangare a tsaye kamar katanga, wani lokaci ya kai ƙugun mutum. Uwar da ta kasa hawa sai ta koma ruwa, ko ta yi ƙwan a ƙasan gangaren, inda cika ta gaba za ta same shi. Inda aka jibge duwatsu don kare gidaje, babu ma yashin da za ta haƙa. Babban kunkurun ya fi shiga haɗari, domin saboda nauyinsa sau da yawa ba ya yin nisa da bakin ruwa.

Zafin yashi ne kuma ke tsara ko ɗan zai zama namiji ko mace. Sama da maki 29 mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza. Ke nan duk abin da ya canza zafi da damshin rami na taɓa yawan maza da mata na gaba. Tun da ana ƙiyasin ɗaya cikin dubu ne kawai ke kai girma, kuma yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya fara haihuwa, asarar ƙwan bana ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da iyayen da ya kamata su hawo gaɓa suka yi ƙaranci.

Tsuntsaye da tafkuna da kifi

Bayan tudun yashin akwai wata rayuwar. Tun 1992 aka sa tafkin Keta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, saboda dubban tsuntsayen da ke barin sanyin Turai su zo cin abinci a nan. Yawancinsu masu tsayawa ne a ruwa marar zurfi suna tsintar tsutsa da ƙananan kifi a laka. Idan ruwa ya yi zurfi ba zato, wurin kiwonsu ya rufe. Akwai kuma tsuntsayen gida da ba sa yin sheƙa a itace, a ƙasa suke ajiye ƙwai kan yashi ko busasshiyar laka. Dare ɗaya na ambaliya ya isa ya share ƙwan wuri guda.

A ƙasan kogin Mono, tsakanin Togo da Benin, akwai gandun da UNESCO ta amince da shi a 2017, inda ake samun ayu da dorina da itatuwan bakin ruwa masu jure gishiri da ake kira mangrob. Waɗannan itatuwa na buƙatar cikar teku. Ita ke shigo musu da ruwa ta fita da shi, ita ke shigo da ƴaƴan kifi da jatan lande su girma a tsakanin saiwoyi kafin su koma teku. Cika ta yau da kullum abinci ce ga tafki. Ɓarna na zuwa ne idan teku ya fasa tudun yashi ya zubo ruwan gishiri mai yawa lokaci guda, ko ya binne saiwoyin da yashi. Kifin ruwan daɗi kan mutu ko ya gudu, rijiyoyi su yi zartsi. A yankin Anloga, inda manoma suka shahara da noman ƙananan albasa da ruwan ƙananan rijiyoyi, gishiri a gona na nufin asarar amfanin shekara.

Mangrob na rage ƙarfin ruwa yana kuma riƙe laka, amma ana sare shi don bandar kifi da dafa gishiri. Duk inda ya ƙare, ruwa ya sami hanya.

A da, idan teku ya matso, tudun yashi da dajin mangrob kan matsa baya a hankali, dabbobi su bi su. Yanzu a bayansu akwai kwalta da otal da katanga. Gaɓa ta shiga tsakanin ruwa mai hawa da gini marar motsi, tana ƙanƙancewa kowace shekara. Inda babu wurin ja da baya sam, ƙarshen abin ya riga ya bayyana a wani ƙaramin tsibiri mai suna Bramble Cay, tsakanin Ostareliya da Papuwa Niugini. Wani irin ɓera da ba a samun sa ko'ina sai can ya ɓace bayan ruwan teku ya yi ta malale tsibirin yana kashe ciyayin da yake ci. A 2009 aka yi masa ganin ƙarshe, a watan Fabrairu 2019 gwamnatin Ostareliya ta ayyana cewa ya ƙare a duniya.

Abin da ake yi, da abin da yake jawowa

Maganin da gwamnatoci suka fi saurin kamawa shi ne dutse. Ghana ta kammala aikin kare Keta a 2004 da kuɗin da ya haura dala miliyan 80, aka jera katangun duwatsu masu kutsawa cikin ruwa don su riƙe yashi. Garin ya sami sauƙi. Sai dai yashin da aka riƙe a Keta shi ne wanda da zai wuce gabas, kuma ƙauyukan gabas ɗin, irin su Agavedzi da Salakope, su ne ruwa ke ci yanzu. An ɗinke nan, can ya ɓarke. Haka yake tsakanin ƙasashe: abin da Ghana ta gina na shafar Togo, na Togo na shafar Benin.

Wannan ne ya sa shirin WACA, da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2018, ya haɗa Togo da Benin a aiki ɗaya daga Agbodrafo zuwa Grand-Popo. Ban da katangun duwatsu, an zuƙo yashi sama da mita kubik miliyan 6 daga ƙasan teku aka jibge a ɓangaren Benin, don igiya ta riƙa rarraba shi da kanta zuwa gabas. Wannan hanya na barin gaɓa da yashin da kunkuru zai haƙa da wurin da masunta za su ja taru, amma tana da tsada, kuma yashin ba ya dawwama, sai an ƙara bayan wasu shekaru.

Ta fuskar dabbobi, ƙasashen Afirka masu gaɓa a Atlantika sun cimma yarjejeniyar kare kunkurun teku a Abijan a 1999. Benin ta keɓe yankunan teku biyu na kariya a 2022, Donaten a Kwatano da Bouche du Roy a bakin kogin Mono. A Grand-Popo da wasu ƙauyuka, masu sa kai da ƙungiyar Nature Tropicale ta horar na sintiri da dare. Idan suka ga rami a inda ruwa zai kai, sukan tone ƙwan su mayar da shi wani killataccen wuri a sama. Aikin na son kulawa: cikin sa'o'in farko ake ɗaukar ƙwan, kuma ba a juya shi, domin juyawa na kashe ɗan da ke ciki. Idan sun ƙyanƙyashe sai a sake su su gangara ruwa da ƙafarsu.

Akwai kuma matakin da bai kai waɗannan tsada ba. Tun da an san ranakun babbar cika, kuma na'urori na hango manyan igiyoyi kwanaki kafin su iso, ana iya sanar da masunta su janye kwale-kwale, iyalai su kwana a tudu, masu sintiri su kwashe ƙwan da ke ƙasa. Mafi wuya shi ne hana sabon gini kusa da ruwa da samar wa waɗanda suka tashi fili, domin masunci ba ya son nisa da inda kwale-kwalensa yake.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da siminti da motoci da magungunan da ake sayarwa a kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da yawansu ta wannan gaɓa suke sauka. Shekaru da dama tashar Kwatano ce babbar ƙofa, tun 2023 kuma kaya da yawa suka koma bi ta Lome. Bututun man Agadem mai tsawon kusan kilomita 2,000 a Seme yake ƙarewa, gabas da Kwatano. Ƴan kasuwa da direbobi Hausawa na zaune a zangunan waɗannan birane, suna bin hanyar bakin teku da ta haɗa Abijan da Legas. Katangun tashoshin da ke karɓar kayan Nijar na cikin abubuwan da suka tare yashin, kuma kuɗin kare tashoshi da hanyoyi daga ruwa na iya komawa kan farashin kaya.

Babbar cika za ta ci gaba da zuwa a farkon kowane wata da tsakiyarsa. Yawan gidaje da ramukan ƙwan da za ta tarar a hanyarta ya dogara ne da yawan yashin da aka bari a gaɓa, da faɗin filin da aka bar mata a baya.